Sarauniyar Fara da Rijiyar Ƙauyenmu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har fuskokin wasu yaran da na koyar sun ɓace mini. Amma muddin ina numfashi, ba zan manta shekarar da kakata ta je har Tasawa ta tayar da wata tsohuwar Anasara daga gadon ciwo don ta zo ta kashe mana fara ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin dariya ce ke neman shaƙe ni, jikokina sai leƙowa suke suna tambayar ko lafiya.

Lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, fari kuma ya gama yi wa ƙasa kaca-kaca. Shanu sun mutu, rumbuna wayam, jar dawar taimako muke ci muna gode wa Allah. Ni ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ana ce mini Madam ko da yake ko aure ban yi ba, ina kuma ji da kaina ƙwarai saboda ɗan Faransancin da ke bakina. Ƙauyenmu yana can kan hanyar Gidan Amumune, can nake komawa hutun damina. Yunwa kam kowa ya sha ta, amma mu abin da ya fi ci mana rai shi ne ruwa. Rijiyarmu ta gado ta ƙafe ƙaf. Da rani mata sukan fita tun asuba zuwa wani ƙauye, ba su dawowa sai rana ta take, can ɗin ma sai an gama yi musu gori kafin a bar su su jefa guga. Uwata har wuyanta ya sankare saboda tulu, in za ta waiwaya sai ta juyo da jiki gaba ɗaya.

Ana cikin haka Allah ya kawo mana wani Anasara mai ginin rijiyoyin siminti, dogo mai jan wuya, yana Hausa kame-kame. Mai Rijiya muke ce masa. Da bazara suka fara yi mana gini, suka yi zurfi sosai, ba su kai ga ruwa ba damina ta tsayar da aikin. Aka rufe bakin ramin da itace, ya yi alkawarin da an yi girbi zai dawo. Muna lallaɓawa da ruwan tabki muna jira, sai ga mugun labari daga Tasawa. Ashe ubansa ya rasu can Faransa, ya je ya ɗauko uwarsa don ba ta da kowa, ita kuma tun da ta zo ta juya fuska bango, ba ci ba magana. Likita ya ce ba ciwon allura ba ne, a maida ta gida tun ba ta mutu a nan ba. In kuwa ya tafi da ita ba zai dawo ba, ba kuma wanda za a aiko a madadinsa. Za a kwashe ƙarafan aikin a kai wani yanki, mu a bar mu da rami.

Maza suka taru gindin gawo suna ta "sai haƙuri". Kakata kuwa, uwar ubana, wadda duk gari ke ce wa Iya, ba ta san zama ba. 'Yar guntuwar tsohuwa ce, ba haƙori ko ɗaya a gaba, amma in ta ɗaga murya har karnuka kan shiga taitayinsu. Ta ce, "Mace mijinta ya rasu, tana kwance a ƙasarmu, ba wanda ya tahi ya yi mata gaisuwa? Mu waɗanne irin mutane ne? Ke Madam, ɗauko gyalenki, yau Faransancin naki zai yi rana." Ta jera ƙwan zabi a ƙwarya, muka bi motar kasuwa.

Muka tarar da ɗakin duhu, tagogi a rufe. Tsohuwar na kwance, ta rame, kanta fari fat. Iya ta zauna ƙasa ta jero gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarfin jiki, ya baƙunta, ina ta juyawa. Matar ko juyowa ba ta yi ba, hannu kawai ta ɗan ɗaga. Iya kuwa idonta ba ya zama wuri ɗaya. Can sai ta zungure ni ta nuna bango.

"Ke, wagga wace irin rariya ce mai ƙota? Ramukanta ko gyaɗa aka zuba ai zubewa za ta yi."

Kusa da rariyar akwai wani kofi na azurfa, babba, mai kunnuwa biyu, ya yi ƙura. Ga kuma hoton wata budurwa cikin farar riga iya gwiwa, ƙafafunta duka a sama, ta miƙa hannu da rariyar tana kai wa wani abu duka. Na tambayi Mai Rijiya. Ya yi mini bayani da Faransanci cewa raket ke nan, na wasan tanis, budurwar kuma uwarsa ce. A zamanin ƙuruciyarta, tun kafin babban yaƙin Turawa, ita ce shampiyon, wato zakarar matan ƙasarsu. Ya faɗa a hankali, ransa a jagule.

To, ni kaina a littafi kawai na taɓa ganin wasan, kuma Hausa ba ta da sunansa. Na gyara murya na ce, "Iya, da wannan take bugun wani ɗan abu mai tashi sama. Duk ƙasarsu ba macen da ta kai ta. Mutane na cika fili su zo kallonta, shi ne aka ba ta wancan kofi."

Iya ta matsa kusa da hoton, ta ƙanƙance ido. "Ɗan abu mai tashi sama?"

"I, Iya."

"Da gudu yake tahowa?"

"Da gudu ƙwarai."

"Kuma ba ta kuskure?"

"Ba ta kuskure."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "Uhm." Ni kuwa na ji daɗin kaina, na ce lalle na iya tafinta.

Ba a daɗe ba, daidai lokacin da hatsi ya fitar da kai ƙwaya na madara, hatsin farko da muka gani da idonmu bayan shekarun wahala, sai ga fara. Ta sauka gonakin gabas ta hau zangarniya tana ci, in ka tsaya shiru har ƙarar bakinta kake ji. Mata suka ɗora hannu a ka. Nan Iya ta fito tsakar gari ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai Sarauniyar Fara ta ƙasar Faransa tana nan kwance a Tasawa, ta gan ta da idonta, ta ga makaminta, ta ga hotonta tana tsalle tana kashe fara a sama.

Wayyo ni! Na ruga na ce, "Iya, don Allah ki rufa mini asiri. Ba fara ba ce, ƙwallo ne. Wasa ne kawai."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wasa? Wa kika taɓa ji an ba kofin azurfa don wasa? Ƙasa guda ta taru kallon mace tana bugun ƙwallo, ba su da aikin yi ne? Ku 'yan lakwal an cika muku kai da boko an kwashe hankalin. Ke da bakinki kika ce abu mai tashi sama."

Na yi rantsuwa, na yi magiya, har zane na yi mata a ƙasa da tsinke. Ina! Kafin azahar ta tara tsofaffin mata, har da mai kiɗan ƙwarya, an ce a tafi roƙon sarauniya. Ubana ya ce mini, "Bi ta, ɗiyata, ni ban iya da ita ba tun ina yaro." Duk hanya ina addu'ar Allah ya sa mu tarar gidan a kulle, don kunyar da zan sha gaban Anasara ita ce ta fi damuna.

Ba a kulle yake ba. Akwatuna ma muka tarar a tsakar gida an fara ɗaurewa. Iya ba ta tsaya sallama mai tsawo ba. Ta shige ɗakin, ta tura taga haske ya shigo, ta tsaya kan tsohuwar ta riƙe ƙugu.

"Baiwar Allah, tashi. Miji ya mutu, nawa ma ya mutu, na waɗannan duka sun mutu, ga mu tsaye. Fara na cinye hatsin jikokinmu, ke kuma Allah ya ba ki abin da bai ba kowa ba, kin zo kin kwanta kina kallon bango. Tashi ki ɗauki rariyarki. Madam, hwaɗa mata, kuma in kika rage ko kalma guda zan gane a fuskarki."

Na dubi Mai Rijiya, ya dube ni. Na rufe ido na juya maganar kaf, ban rage ba. Na ƙara da cewa kakata ta ɗauka ita gwanar kashe fara ce.

Sai tsohuwar ta juyo, karo na farko da na ga idonta, shuɗi garau. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Kafaɗunta suka fara rawa, na ce shi ke nan mun sa ta kuka. Ashe dariya ce. Ta yi dariya har da tari, har hawaye na bin kuncinta, tana dukan katifa. Ɗanta ya tsaya baki buɗe. Da ta samu numfashi ta ce mini, "Tun da mijina ya rasu kowa tambayata yake yaya jikina. Wannan ce ta farko da ta ce in yi mata wani abu." Ta miƙa wa ɗanta hannu ta ce ya sauko mata da raket.

Iya ta zungure ni. "Mi ta ce?"

"Ta ce za ta zo."

"To, da kin ce wasa ne."

Washegari da safe Mai Rijiya ya kwashe mu a motarsa, uwarsa a gaba da farar hula mai faɗi, raket a cinya, mu da tsofaffi a baya. A shingen fita gari wani soja ya tsayar da mu, fuska a murtuke, don a lokacin ba a wuce shinge sai an bincika. Ya leƙa ya nuna raket da baki. "Wannan fa?" Kafin kowa ya yi magana Iya ta leƙo ta ce, "Makamin fara ne, ɗana. In kuna da irinsa a bariki ɗauko ka biyo mu." Sojan ya yi ta maza ya kasa, ya juya baya yana dariya ya ɗaga mana ƙarfe.

Kafin mu isa labari ya riga mu. Ba mutanen garinmu kaɗai ba, har na ƙauyukan kewaye sun cika bakin gona, har da waɗanda ke yi mana gorin ruwa. Aka riƙo tsohuwar ta sauko. Mata suka shiga cikin hatsi da faifai da zannuwa suna koro fara wajenta. Ta kai dukan farko, iska. Na biyu, iska, har ta yi tangaɗi ɗanta ya tare ta. Na ji wani a bayana yana cewa, "Wannan ce sarauniyar?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Iya kuwa ko a jikinta, ta ce, "Ku bar ta, hannu ne ya kwana biyu."

Sai tsohuwar ta ture hannun ɗanta. Ta tuɓe takalmi ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta ɗan rusuna, ta kafa ido. Wata ƙatuwar fara ta taso. Tas! Sai gani muka yi ta yi can ta faɗi. Wata ta taso ta hagu, ta juya bayan hannu, tas! Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Matar da aka riƙo ta sauko daga mota ita ce ke matsawa dama da hagu, wuyan hannunta na juyawa kamar ba ƙashi, tana yi wa kanta ihu da Faransanci. Guɗa ta kaure, mai kiɗan ƙwarya ta saki hannu. Iya ta shiga gaba tana rawa tana yi mata kirari, "Fara ta ga fara ta gudu! Mai rariyar da ba ta tankaɗe! Ta Mai Rijiya, sai ke!" Ni da na zo ina jin kunya, sai ga ni na yar da gyale ina tsalle ina ihu da sauran.

Gaskiyar magana, farar da raket ya kashe ba ta cika ƙwarya ba. Amma wa zai tsaya kallo hannu rungume alhali tsohuwa, baƙuwa, mai takaba, tana zufa a gonarsa? Maza suka ɗauko hauya suka ja ramuka a gefen gonaki, matasa suka yi layi da rassan sabara suna korowa, mata na tarewa da buhuna. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, 'yan kallo suka zama ma'aikata. Ba mu ceci hatsin duka ba, amma mun ceci wanda ya kai mu wani wuri.

A ranar farkon nan, da la'asar, aka shimfiɗa wa tsohuwar tabarma gindin gawo. Uwata ta soya fara da gishiri da yaji ta kawo. Mai Rijiya ya ce a'a, uwarsa ko miya ba ta iya sha. Bai rufe baki ba ta ɗauki guda, ta ga yadda Iya ke cire ƙafa da fiffike, ta yi haka ta jefa baki. Ta tauna, ta miƙa hannu ta ƙara. Ɗanta ya tashi ya zaga bayan mota, ya daɗe can, da ya dawo idonsa ja wur.

Nan tsohuwar ta ba mu labarinta, ina juyawa. Ta ce a bangon rumbun gidansu ta koya, da wani guntun katako, ita kaɗai, don ubanta ya ce ɗiya mace ba ta tsalle gaban maza. Wani kawunta ne ya saya mata raket a ɓoye. A lokacin mata da doguwar riga har idon sawu suke wasan, suna tuntuɓe. Ranar da za ta yi babbar karawarta ta farko ta sa almakashi ta datse rigar iya gwiwa, uwarta ta ga haka ta suma a wurin zama. Tsofaffin matanmu suka ce, "Ai uwar da gaskiyarta!" Ta ci wasan ran nan, ta yi ta ci, ta shiga jiragen ruwa zuwa ƙasashen da ba ta jin harshensu, ubanta da ya hana ta ya koma yana yanke hotonta a jarida. Daga baya gwiwa ta lalace, yaƙi ya zo, filin da ta yi suna a cikinsa aka maida shi wurin ajiye kayan soja. Ta yi aure, ta rataye raket, yaran zamani suka taso ba su san ta ba. Mijinta ne kaɗai ya rage wanda ya taɓa ganin ta a fili, shi ya sa da ya mutu ta ji kamar an binne budurwar hoton nan tare da shi.

Iya ta saurara har ƙarshe, ta juyo gare ni. "Wai da gaske ƙwallo ne?"

"Iya, ai na hwaɗa miki tun farko."

Na gyara zama, na ce yau dai za ta ba ni gaskiyata. Sai ta dafa gwiwar tsohuwar ta ce, "Hwaɗa mata kada ta damu. Duk waɗancan shekaru koyo take yi. Yau ta kama aiki."

Da na juya, tsohuwar ta rungume Iya, suka yi ta dariya suna hawaye, ba mai jin harshen wata. Kafin su hau mota ta ce wa ɗanta ya kwance akwatunan nan, ba inda za ta sai ta sha ruwan rijiyar ƙawarta.

Bayan girbi aka buɗe ramin aka koma aiki. Tsohuwar takan biyo ɗanta, ta sa a ɗaura ragar harawa tsakanin itace biyu a masussuka, ta koya wa 'yan matanmu wasan na gaskiya da faifai da ƙwallon tsumma. Iya kan zauna gefe tana taɓe baki, tana cewa ɓata faifai ne kawai.

Ranar da aka kai ga ruwa ina aji aka aiko mini, na bar alli a hannun ɗalibi na taho. Na tarar gari ya cika bakin rijiya. Iya aka ba guga ta farko, uwata na taya ta ja. Da gugar ta fito tana zuba, tsohuwar Anasara ta buɗe jakarta ta fito da kofin azurfar nan, an goge shi yana walƙiya. Ta ce tun da aka ba ta shi ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinsa ba. Iya ta cika shi, ta ba ta ta sha, ita ma ta sha, ta miƙa wa uwata. Ina kallon uwata ta kama kunnuwan kofin biyu ta ɗaga kai a hankali, da wannan wuya nata da ya sankare, ruwa na bin haɓarta. A nan na fashe da kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Tsohuwar ta koma ƙasarsu daga baya da ƙafafunta, ta yi ƙiba har kumatu. Ita da Iya duk sun daɗe da barin duniya, amma rijiyar na nan, har yau Rijiyar Sarauniya ake ce mata, yaran yanzu na zaton wata matar sarki ce ta gina ta.

Ni da Faransancina da likita da allurarsa, dukanmu tausayin matar nan muke ji, muna tafiya a hankali kada mu dame ta, tana kuma ƙara nutsewa. Iya da ba ta fahimci komai ba game da tanis ita ta gane abin da ke kashe ta. Tun daga ranar, in na je gaida wanda baƙin ciki ya kwantar, ba na tsayawa ga "ya jiki" kaɗai. Sai na nemo abin da ya iya, komai ƙanƙantarsa, in ce ya tashi ya yi mini, ina bukata.